Takalmin Bajamushe a Ƙafar Baba Sumani

Tun kafin Sauda ta durƙusa ta san ba ɗaurinta ba ne a ƙafar nan. Nata daga gindin yatsu yake farawa, ya hau a hankali har ƙasan gwiwa, kowane zagaye ya rufe rabin na ƙasansa, in ya sha iska ya yi tauri kamar kwali. Wannan kuwa farin bandeji ne na kantin magani, an naɗa shi sako-sako, an soke bakinsa da fil ɗin ɗankwali. Mai ƙafar, Baba Sumani, yana kishingiɗe a falonsa cikin dogayen gidajen unguwar Parkchester ta New York, carbi a hannu, idonsa a kan talabijin da aka kashe wa murya.

Ta tambaye shi ina wanda ta ɗaura masa ranar Talatar da ta wuce. Ya ce ƙaiƙayi ne ya hana shi sakat. Wancan makon ya ce da kansa ya kwance, kafin shi kuma ya ce shayi ne ya zube a kai. Sauda ta buɗe jakarta. Ta sa safar hannu ta warware, wari ya taso, matarsa Hajiya Zalia ta tashi ta buɗe taga. Gyambon yana sama da idon sawu ta ciki. Da ta fara zuwa gidan faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, yanzu ya fara neman tafin hannu, gefensa ya yi ja.

"Baba, likita ta gaya maka abin da zai biyo baya in ruɓar nan ta kai ƙashi."

"Ya gaya mini."

"To ni ba na so in ga ranar da za a raba ka da ƙafar nan."

"Ƙafa na Allah ne," in ji shi. "Kai dai ɗaura."

Hausarsa ta zangon Kumasi ce, mace da namiji duk kai ne a bakinsa, Sauda ta daɗe da daina jin abin a kunnenta. Ta wanke gyambon, ta auna, ta ɗauko sabon naɗi daga jakarta ta fara daga gindin yatsu.

Sauda 'yar Tudun Wadar Zariya ce. Mahaifinta tela ne da rana, bayan magariba kuma yana karantar da manya a zaure. Ta yi karatun jinya, aka tura ta ɗakin da ake kwantar da masu gyambo da masu ƙuna, ɗakin da 'yan uwanta nas-nas suke kai ƙorafi in aka sa sunansu. Aure ne ya kawo ta New York. Mijinta Ja'afar karatu ya zo, ya zarce da aikin akanta. Takardunta na gida ba su buɗe mata ƙofar kowane asibiti ba, don haka ta shekara da shekaru tana bin gidajen tsofaffi, wanka, canjin zanen gado, ba da abinci a baki, tana ganin ana ɗaure rauni ba daidai ba kuma ba ta da ikon cewa uffan. Ta zauna jarrabawar nas ta nan ta faɗi. Ta sake zama ta ci. Da aka tambaye ta ɓangaren da take so, ta ce raunuka.

Mutane sun ɗauka tausayi ne, ita ma haka take faɗa in an tambaye ta, kuma ba ƙarya take yi ba. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashin tausayin. Rauni ba ya gardama. Ana ɗora masa ma'auni, ko dai ya ragu ko ya ƙaru, in wata ya ƙare kowa ya ga wanda ya yi daidai. Macen da aka daɗe ana nuna mata ba ta iya ba, irin wannan aikin yana mata wani daɗi da ba ta cika bari kanta ta duba shi ba.

A kwas ɗin raunuka ta fara jin sunan Unna. Likitan fata ne Bajamushe, mutumin Hamburg, ɗan likita, ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na sha tara. Malamar kwas ɗin ta nuna musu tsohon hotonsa, ta ce mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa yana leƙen fata ta madubin ƙara girma yana kuma gwada kwaɓe-kwaɓen man shafawa. Cikin abin da ya bari akwai wani ɗauri da har yau ake kira da sunansa: bandeji ne da aka jiƙa da wani farin kwaɓi mai kama da alli, in ya bushe ya kama ƙafa daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, shi ya sa ake ce masa takalmin Unna. Hikimar abin ita ta kama Sauda. Ba a ce wa mai ciwon ya kwanta. So ake ya yi ta tafiya, don duk takun da ya yi sharaɓarsa za ta kumbura ta tokari ɗaurin, ɗaurin ba ya ba da hanya, sai jinin da ya kwanta a ƙafar ya rasa inda za shi ya hau sama. Ta ce a ranta wannan mutumin ya san akwai waɗanda in sun kwanta ba za a ci abinci a gidansu ba. Sharaɗin takalmin ba shi da yawa. A bar shi ya yi mako, kada kuma ruwa ya taɓa shi.

Baba Sumani irin mutanen da aka yi takalmin dominsu ne. Ya zo ƙasar nan tun Sauda tana makarantar jinya, ya shekara ashirin da ɗoriya yana gadin ƙofar wani kantin kaya a unguwar Jamaica ta yankin Queens, a tsaye daga buɗewa har rufewa, don mai kantin yana ganin mai gadin da ya zauna barci zai yi. Jijiyoyin da ke mayar da jini sama suka gaji, ƙafar ta kumbura, fatar ta yi duhu, rannan keken kaya ya ɗan goge shi a idon sawu, wurin ya ƙi rufewa. Yanzu ya bar aiki. Tafiyar da ta rage masa mai nisa ita ce ta masallacin Juma'a.

Sauda ba baƙuwa ba ce a harkar, zarginta na farko ya tafi kan alwala. Ta zauna ta yi masa bayani cikin ladabi cewa addini ya sauƙaƙa wa mai rauni, ya jiƙa hannu ya shafa a kan ɗaurin, sallarsa ta yi. Ya bar ta ta kai ƙarshe. Sannan ya gyara zama ya karanto mata hukuncin da Larabci, ya fassara, ya kawo sharuɗɗan da ita ba ta taɓa ji ba, ya rufe da cewa tun kafin a haife ta ya haddace babin. Ta ji kunya ta kama ta har wuya. Don ta samu abin cewa sai ta ba shi labarin likitan Hamburg da yadda takalmin yake aiki.

"Bature ne ya yi shi," in ji Baba Sumani. "Bai san alwala ba."

"Alwala kam bai sani ba, Baba. Amma ya san masu aikin tsaye."

Ya yi 'yar dariya, ya ce yarinyar nan akwai baki. Talatar da ta biyo baya ta tarar da farin bandeji da fil ɗin ɗankwali.

Ta nemi lambar limamin masallacin su Baba Sumani, wani matashi mai sanyin murya. Ya kira tsohon ya yi masa nasiha, tsohon ya yi ta amsawa da na'am, na'am. Da liman ya kira Sauda ya ba ta labarin yadda suka yi, ta ji kamar yana danne dariya, ya ce mata Baba Sumani sai haƙuri. Talata ta zagayo, babu abin da ya canza sai gyambon da ya ƙara faɗi.

Hajiya Zalia ce ta warware mata. Rannan ta rako ta bakin lif, na'urar hawa da sauka bene, da sunan za ta zubar da shara, ta tsaya da ledar a hannu ta yi ƙasa da murya. Ta ce sauran ranaku ba ya taɓa ɗaurin. Daga Talata har daren Alhamis shafa yake yi a kai, tana ganinsa. Ranar Juma'a da safe ne yake ɗaukar almakashinta ya yanke shi, ya tafi masallaci da ƙafa haka, ya zauna a bakin famfon alwala inda kowa ke gani ya wanke ta har idon sawu. In ya dawo ita ke naɗa masa na kanti, ƙafar ta kwana huɗu tana kumburi kafin Sauda ta zo.

Sauda ta ce to me ya hana shi yin alwalarsa a gida ya tafi da ita.

Hajiya Zalia ta dube ta kamar mai tausayin rashin saninta, ta ba ta labarin. Tun da aka buɗe masallacin nan Baba Sumani yake yaƙi da samarin da ke shafa a kan safa. Masu tuƙin tasi, masu aikin asibiti, 'yan makaranta, su zo a gurguje su jiƙa hannu su goga a kan safar auduga su shige sahu, su ce malamansu sun halatta. Shi ya ce lalaci ne aka sa wa rawani. Kujerar da ke ƙarshen layin famfo tasa ce, kowa ya sani, a nan yake alwala a natse yana tsefe tsakanin yatsu, idonsa a kan ƙafafun mutane. Akwai waɗanda suka canza masallaci saboda shi. Cikinsu har da ɗansa na cikinsa, Abdul-Fatawu, mai lodin kaya a filin jirgin sama. Wata Juma'a uban ya janyo shi daga sahu a gaban jama'a, ya ce ya koma ya wanke ƙafa don ba shi da alwala. Saurayin ya fita bai koma famfon ba, ya tattara kayansa ya koma Jamaica da zama. Sai ranar Sallah yake leƙowa, shi ma bai cika zama ba.

Hajiya Zalia ta ce yanzu a ce mutumin nan ya cire takalmi a ƙofar masallaci a ga farin abu har gwiwa, a san hannu kawai ya goga a kai. Ta ce shi da kansa ya san ba hukunci ɗaya ba ne, amma samarin ba za su tsaya bambancewa ba, kuma labarin zai kai Jamaica kafin la'asar.

Sauda ta sauka ta nufi tashar jirgin ƙasa mai lamba shida. Tana tsaye a kan dandamali, kafin ma jirgin ya iso, mafita ta zo mata cak. Dama ana canza takalmin duk mako. A mayar da ranar canjin Juma'a. Ta zo da safe ta yanke da kanta, ta rufe gyambon da filastar da ruwa ba ya ratsawa, ya je ya wanke ƙafarsa a gaban wanda ya ga dama, ya dawo ta ɗaura sabo kafin kumburi ya taso. Ƙafar za ta zauna a ɗaure mako guda cur in ban da 'yan sa'o'in sallah. Abin ya yi sauƙi har ta ji haushin kanta.

Jirgin ya zo ta shiga, ta samu wuri ta zauna, ta riƙe mafitar ba ta gaya wa kowa ba.

Ita ma a kan safa take shafa. A farkon aikinta wata abokiyar aiki ta shigo banɗaki ta tarar da ƙafarta a cikin kwamin wanke hannu, ta kai ƙara, aka kira Sauda ofis aka yi mata bayanin tsabta kamar wadda ba ta taɓa shiga asibiti ba. Daga ranar ta koma shafa. Ta taɓa tambayar mahaifinta a waya ko hakan ya yi. Tsohon ya yi shiru har ta ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce Allah ya karɓa. Ya rasu ba su sake tayar da maganar ba, shirun nan kuwa bai bar kunnenta ba. Yanzu ga wani tsoho irinsa a hannunta, wanda ya kori ɗansa daga sahu a kan abin da take yi kullum, Allah kuma ya kawo shi inda dole hannunsa ya goga a kan ƙyalle. Ta gaya wa kanta cewa bai kamata mai jinya ta riƙa biye wa taurin kan majiyyaci ba. Ta gaya wa kanta cewa wannan dama ce ta shirya uba da ɗa. Duka biyun suna da kama da gaskiya, shi ya sa suka yi mata daɗin riƙewa. Abin da take so shi ne ta ga Baba Sumani ya zauna a kujerar nan ta ƙarshen layi ya shafa, samarin suna kallo.

Ta karɓi lambar Abdul-Fatawu a wurin uwarsa ta kira shi. Ta gaya masa girman gyambon da maganar ƙashi, ta ce shi kaɗai zai iya sauke wa tsohon nauyin nan, ya zo ya ce masa komai ya wuce. Saurayin ya ce zai zo.

Ya zo ranar Talata da rigar aikinsa mai ɗaukar ido, dogo kamar ubansa, ya durƙusa ya gaishe shi. Uban ya amsa a taƙaice. Sauda tana warware bandejin kanti, kanta a ƙasa, kunnenta a sama. Abdul-Fatawu ya fara da kyau. Ya ce lafiya ita ce gaba, ya ce shi bai riƙe komai ba. Da ya ga gyambon a buɗe sai muryarsa ta canza, Hausar ta fara kuɓuce masa tana cakuɗa da Turanci. Ya ce wannan ba addini ba ne, girman kai ne. Ya ce za a yanke ƙafa sukutum a kan safa.

"Daddy, ka shafa kawai. Ba wanda zai yi maka dariya. Ni ma ba zan yi ba."

Baba Sumani ya ɗago ya dube shi.

"Kai ma ba za ka yi ba," ya maimaita a hankali. "Na gode. Ashe izininka nake jira."

Ya juya ga Sauda ya tambaye ta ko aikin nas yanzu ya haɗa da tara wa mutum 'ya'yansa. Ya ce ta ɗaura abin da za ta ɗaura ta tafi. Abdul-Fatawu ya miƙe ya fita, uwarsa ta bi shi har lif tana kiran sunansa.

Wannan karon tsohon bai jira Juma'a ba. A yammacin ranar ya yanke takalmin, ya ce da Hajiya Zalia ko na kantin ma ba ya so. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe shi, jan ya haura har tsakiyar sharaɓa, aka kai shi asibiti aka kwantar ana sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Likita ta ce za a ɗauki hoton ƙashin. In ruɓar ta shiga, maganar ta bar hannun masu ɗauri.

Sauda ta je duba shi bayan ta tashi aiki. Yana barci, ƙafar a kan filo, an zana layi da biro a fatar don a ga ko jan zai tsallake. Hajiya Zalia tana gefe a kujera, ta yi mata godiya, ta ce Sauda dai ta yi iya ƙoƙarinta. Godiyar ce ta fi yi mata nauyi. Ta tsaya tana duban layin biron, ta san makon da ta ɓata da kuma dalilin da ya sa ta ɓata shi, babu wata hanyar da za ta juya lissafin ya fito da kyau. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta fita farfajiya ta nemi likitar.

Hoton ya fito ƙashi lafiya. Sauda ta shimfiɗa wa likitar tsarinta, likitar ta yi tambayoyi a kan filastar da tsawon lokacin da ƙafar za ta zauna a sake, ta ce in dai za a dawo da ɗaurin da wuri ta yarda. Shugabar nas-nas masu zuwa gida-gida ce ta fi wuya, don ranar Juma'a Sauda tana can wani ɓangaren gari, kuma zuwa biyu gida ɗaya a rana ɗaya ba tsarinsu ba ne. Sauda ta yi ta bin abokan aiki har ta samu wadda ta yarda su yi musanya, ta karɓi Juma'ar ta ba Sauda Lahadinta. Lahadi ita ce ranar da take da ita da mijinta. Ja'afar ya tambaye ta har yaushe, ta ce har ya rufe. Ya ce ya san wannan muryar.

Da aka sallamo Baba Sumani ta je gidan. Ya rame, ya karɓi gaisuwarta ba tare da ya dube ta ba. Ta ajiye jaka ta ce masa an canza mata ranar aiki, daga yanzu Juma'a za ta riƙa zuwa. Ta ce akwai wata matsala kuma, tana da wani majiyyaci a kusa da dole ta gani da tsakar rana, don haka za ta yanke tsohon ɗaurin da safe ta rufe gyambon da filasta, sai bayan an sauko daga masallaci za ta dawo ta ɗaura sabo. Ta ba shi haƙuri a kan wahalar da hakan zai ja masa. Ta ƙara da cewa filastar ba ta jin ruwa, kuma sama da idon sawu take tsayawa.

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya dubi ƙofar kicin inda motsin tukwane ya ɗauke, ya dawo da idonsa kan Sauda, ya daɗe yana kallonta.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba wanda ya gaya mini komai, Baba. Ranar aiki ce ta canza."

Ya ja carbin ƙwaya biyu ko uku.

"Filastan nan, wando zai rufe shi?"

"In ba ka naɗe shi da yawa ba."

"To," in ji shi.

Haka Juma'o'in suka riƙa tafiya. Ta zo da hantsi ta sa almakashi ta tsaga takalmin daga sama har ƙasa, ta wanke, ta auna, ta manna filasta. Majiyyacin da ta ce tana da shi a kusa babu shi, su duka sun sani, ba wanda ya tayar da zancen. Takan zauna a kicin da Hajiya Zalia suna tsintar wake, wani lokacin ta bi ta masallacin. Sau ɗaya, suna hawa matakalar ɓangaren mata, ta hango shi ta ƙofar wurin alwala da aka bari a buɗe. Yana kujerarsa ta ƙarshen layi, ya ɗan ɗage wandon daidai gwargwado, ya tara ƙafar a famfo yana bin tsakanin yatsu da ƙaramin yatsansa, ba gaggawa. Wani direba da makullin mota a baki ya jiƙa hannu ya kai kan safarsa, ya haɗa ido da tsohon, ya yi tsaki ya zauna ya fara cire ta. Sauda ta ji abin ya taso mata sabo fil kamar ranar da ta tsaya a dandamalin jirgi. Safarta na ƙafarta, da danshin shafar da ta yi. Ta hau sama ta yi sallarta. Da suka koma gida ta durƙusa ta ɗaura masa takalmin da ya fi na kowane mako kyau, ba ƙunci ba sako-sako, ta sa shi ya zagaya falon don ya zauna masa.

Gyambon ya fara ja da baya. Warin ya tafi, tsakiyar ta cika da jan nama mai kyau, wata siririyar fata mai sheƙi ta riƙa shigowa daga gefe mako bayan mako. Ya bar faɗin tafin hannu ya koma bakin kofi, ya koma kamar kwabo. Akwai makon da ya tsaya cak har ta fara zargin almakashin Hajiya Zalia, sai ta tarar da ɗaurinta ne lafiya lau, fatar ce kawai ta huta. Tsohon ya fara jiranta da labarai. Ya ba ta labarin kantin Jamaica da ɓarayin da ya kama, ya tambaye ta ko Bajamushen nan ya bar 'ya'ya. Sunan ɗansa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba. Abdul-Fatawu yakan kira ta jefi-jefi ya tambayi ƙafar, ta gaya masa abin da ma'auni ya nuna, ta ce sauran ya tambayi uwarsa. Ta daina shiga abin da ba rauni ba.

Sanyi ya wuce, itatuwan tsakar Parkchester suka yi ganye. Wata Juma'a ta tsaga takalmin ta ɗaga ƙyallen da ke kan gyambon ta tarar da shi a bushe. Ta matsa gefen da yatsa, ta kawo fitilar wayarta ta duba. Fata ce ta rufe wurin baki ɗaya, siririya, launinta bai kai na sauran ƙafar ba, amma babu ko tsaga. Ta ɗauki hoto ta tura wa likitar, amsa ta dawo kafin ta gama cire safar hannu. Ta gaya masa ya rufe, maganar yanka ta wuce, saura lallaɓawa.

Hajiya Zalia ta zauna a hannun kujera tana hamdala. Baba Sumani ya sunkuya ya daɗe yana duban wurin, ya kai yatsa zai taɓa, Sauda ta ce a hankali. Ya taɓa a hankalin.

"Yau ba filasta?"

"Yau babu. Ka wanke, amma kada ka dirje."

Ya ce da matarsa ta zuba wa yarinyar nan shinkafa da wake a roba ta tafi da shi, ta sa mata ƙwai biyu. Ya miƙe ya shiga ɗaki ya fito da babbar riga, ya tsaya gaban madubi yana gyara hula. Sauda ta haɗa almakashinta da ma'auninta ta rufe jaka. Suka sauka tare. A ƙofar gidan ya ce ta gaida maigidanta, ya juya hagu ya nufi masallaci, yana taka ƙafar dama da ta hagu nauyi ɗaya. Ta tsaya da robar abincin mai ɗumi a hannu tana kallon takunsa har ya sha kwana.